Shaɗaranji: Sunayen Da Aka Riƙe Da Waɗanda Aka Manta

Wani ma'aikaci a Daura ya tambaye mu abin da ya sa hanyoyi da yawa na buɗe wasan shaɗaranji, wato darar Turawa, suke ɗauke da sunayen gwanayen Turai. Ya kawo misalin Ruy Lopez, limamin coci mutumin Sifen, wanda ya wallafa littafinsa a 1561.

To, jama'a, Musulmi sun riga Turawa sanin wannan wasa. A Bagadaza, inda tarihinmu ya ce Bayajidda ya fito, Al-Adli ya yi littafi a kansa tun ƙarni na 9. Bayansa Abubakar As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya kayar da gwanin fadar Halifa Al-Muktafi. Su da almajiransu suka rubuta hanyoyin buɗewa da suke kira ta'abiya, kamar Mujannah da Sayyal. Ta Andalus da Sikiliya wasan ya shiga Turai.

Ba cewa muke yi a zauna ana bugawa ba. Imamu Malik ya ƙi shi, Risala ta hana. Imamu Shafi'i ya ɗauke shi makaruhi, muddin babu caca ko tozarta salla. Masu dara a gindin darbejiya har la'asar ta kuɓuce, sai su kula.

Abin lura shi ne, Turawa sun riƙe sunayen gwanayensu ko da a wasa. Mu masu isnadi fa? Attajiri da ma'aikaci, wa zai iya ambaton malamin malaminsa? Jingina ilmi ga mai shi amana ce. Allah Ya sa mu riƙe ta, amin.