Randa da Jarka a Tungar Guru

Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, aikin farko a Tungar Guru shi ne ɗibar ruwa. Yara da 'yan mata na jigila da jarkoki, uwar gida na tsaye tana juyewa a randa, ta rufe da faifai, ta kife moɗa a sama. Haka ake yi a kowane ƙauyen Hausa, amma a wannan tunga ta ƙaramar hukumar Bukkuyum murfin randa yana da tarihi mai ciwo.

A shekarar 2010 ne gubar dalma ta bayyana a yammacin Zamfara. Tungar Guru na cikin ƙauyukan da abin ya shafa, tare da 'Yargalma, da Dareta, Abare, Sunke da Bagega a ƙasar Anka. A lokacin, duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kan hatsi, a cikin duk wani mazubi da aka bari buɗe. Yara kimanin 400 suka rasu a yankin. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba da magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin amai da gudawa, amma ba ya fitar da dalma. Ruwan kududdufin da aka wanke dutse a cikinsa bai cancanci shiga randa ba, ko da an tace shi sau goma.

Yau kuma ga wata damuwar. Ranar da aka ji motsin 'yan bindiga, babu uwar da za ta tura ɗiyarta rijiyar bayan gari. Ruwan da ke cikin gida shi za a sha, shi za a dafa tuwo, shi za a yi alwala. Damina ma ba ta da tabbas: ambaliyar da ta ci garin Gummi a watan Agustan 2024 ta nuna yadda ruwa ke cika ko'ina amma na sha ya gagara, domin ya haɗe rijiya da masai.

Ma'aikatan agaji kan ƙiyasta lita 15 ga kowane mutum a rana. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar jarka shida masu cin lita 25, na yini ɗaya kacal. Wannan nauyi ne babba ga talaka, kuma ni a ganina bai kamata a bar wa mata shi su kaɗai ba. Maigida ya sayi jarkokin da ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba, a wanke randa a kai a kai, moɗa ɗaya ta zama ta ɗiba kawai. Hukuma kuma ta haƙa burtsatse a tsakiyar gari, inda yaro zai je ya dawo uwarsa na hangensa.