ABIN DA KE ZUBA A ƘARƘASHIN BEL: ASARAR DA BA TA SHIGA LITTAFIN AKAWU

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa yin kaka a Fakku, can cikin ƙasar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, ya san cewa mace ba ta kafa turmin sussuka sai ta share wurin tsaf, wani lokaci ma har ta shimfiɗa tabarma ko tsohon buhu. Dalili kuwa a fili yake. Duk ƙwayar geron da ta yi tsalle daga turmi, in ba a tare ta ba, ta zama rabon kaji.

Wannan matsala ta matan karkara ita ce dai ke damun manyan masana'antu, sai dai su tasu ba da mudu ake auna ta ba, da tan ake aunawa, kuma babu kajin da za su tsince abin da ya zube. Magidancin da ya sayi buhun siminti a Fakku don ya yi wa ɗakinsa daɓe yana da hannu cikin wannan zance ko bai sani ba, gama kuɗin kowace asara da aka yi a ma'aikata a ƙarshe kan mai saye yake komawa.

Simintin Sakkwato, wanda motoci ke biyowa da shi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, a Kalambaina ake yin sa, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya cikin 1962, ya fara aiki cikin 1967 da ƙarfin yin tan 100,000 a shekara. Cikin 1985 aka buɗe sabon sashe mai yin tan 500,000. Bayan ragamar kamfanin ta koma hannun BUA cikin 2010, sai aka ƙara wani sashe mai tan miliyan 1.5 cikin 2018, sa'an nan wani mai tan miliyan 3 wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cikin watan Janairu na 2022. To, kafin a sami tan ɗaya na kilinka, watau ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, sai an ɗora wa murhu wajen tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da sauran mahaɗi. Mai karatu sai ya ƙiyasta yawan dutsen da ke tafiya kullum daga injin fasa dutse zuwa rumbu, daga rumbu zuwa maniƙa. A ma'aikata irin wannan, ko a Nijeriya take ko a Jamus, bel ne ke yin yawancin wannan dako.

Bel ɗin da ake nufi ɗan'uwan na injin niƙa ne, amma shi kaya yake ɗauka a bayansa. Doguwar shimfiɗa ce ta roba, an saƙa zare ko wayar ƙarfe a cikinta, tana zagaya manyan ganguna biyu, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya. A tsakaninsu akwai jerin rola, uku uku, ta tsakiya a kwance, na gefe a ɗage, don bel ya lanƙwashe kamar kwalekwale ya riƙe kayansa. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Robins shi ne ya kyautata wannan tsari tun cikin shekarun 1890, lokacin da yake yi wa Thomas Edison bel na jigilar duwatsun tama.

Idan mutum ya bi bel daga wutsiya har kai, zai ga zubar ba ko'ina take ba. Mafi yawanta a mahaɗa take, watau inda kaya ke faɗowa daga wani bel ko daga mazurari zuwa kan wani. A nan dutse ke dukan roba da ƙarfi, bel ya lotsa tsakanin rola da rola, sai kafa ta buɗe tsakaninsa da robar da aka sa ta tare gefensa, tsakuwa da gari su sami hanya. In kuwa mazurarin ya karkace, yana zuba kaya a ɓangare ɗaya, nauyin sai ya tura bel ya goce, ya riƙa gogar ƙarfe yana zubar da kaya tsawon hanya, kamar jakin da aka yi wa mangala gefe guda ya fi nauyi.

Akwai kuma wata zubar mai sanɗa, wadda ta fi wuyar magani. Da damina dutse yakan zo da laima, laka ta manne wa bel, ta ƙi sauka a inda aka juye kaya. Bel na komowa ta ƙasa, fuskarsa mai laka tana gogar rola, sai ta riƙa kakkaɓewa kaɗan kaɗan, har tsibi ya taru ƙarƙashin kowace rola. Wadda ta manne wa rolar kuwa sai ta ɓata mata zagaye, ta ƙara gotar da bel. Ga shi nan, zuba ta haifi gociya, gociya ta haifi zuba. Da hunturu kuma sai abin ya sake kama, iska ta kwashi busasshen gari daga kan bel ɗin da ba a rufe ba, ta kai shi idon ma'aikaci da huhunsa da gonakin maƙwabta.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan makaranta, don misali kawai. A ce bel yana ɗaukar tan 500 a awa, kashi ɗaya rak cikin dubu ke zuba. Rabin tan ke nan kowace awa. In ya yi aikin awa 20, tan 10 ya zube a rana, nauyin buhu 200 masu kilo 50. Akawu ba zai ga wannan a littafinsa da sunan asara ba. Zai dai ga kuɗin leburori da shebur da baro, da kuɗin sabbin rola waɗanda ƙura ta cinye musu boris, da awoyin da aka tsai da inji.

Amma duk wannan kuɗi ne, ana iya mai da shi. Abin da ba ya maiduwa shi ne hannun ɗan Adam. Irin wannan bel yakan yi gudun mita 2 zuwa 3 cikin daƙiƙa guda, kuma sanannen abu ne ga masu binciken haɗarin ma'aikatu cewa da yawa daga cikin waɗanda bel ya kama, sun gamu da tsautsayin ne wajen share abin da ya zube, inji kuwa yana gudu. Shebur ya shiga tsakanin bel da ganga, mai shi ya yi ƙoƙarin fizgo shi, kafin ya ankara hannun riga ya bi. Rolar da ta daina juyawa kuma, bel na gogar ta cikin tarin garin kwal, tana iya yin zafi har wuta ta tashi. Saboda haka ni a ganina, shugaban ma'aikatar da ya ga tsibi ƙarƙashin bel ya ce a ƙaro masu shara, bai taɓa ciwon ba, ya dai ƙara yawan mutanen da ya tura bakin haɗari.

Maganin kuwa tun ran gini tun ran zane yake farawa. Dole a ƙera mazurari yadda zai sauke kaya daidai tsakiyar bel, ya kuma nufi inda bel ya nufa, kada ya faɗo masa daga sama kamar an jefa dutse rijiya. Ƙarƙashin wurin saukar a shimfiɗa gadon sanduna masu roba a jiki, waɗanda za su shanye dukan su hana bel lotsawa. Sa'an nan ne robar gefe za ta zauna daram ta yi aikinta. A nan sai an ja kunnen kanikawa kan wata ɗabi'a tasu ta neman sauƙi, watau yanko tsohon bel a maye gurbin robar gefe da shi. Zaren da ke cikinsa yakan riƙe tsakuwa ya riƙa yankan sabon bel, a ƙarshe araha ta ƙi yin ado.

Ita kuwa lakar da ke mannewa, makankari ake sa mata, ɗaya a jikin gangar kai, wani a bayansa don ya kwashe saura, kuma a tabbata abin da suka kankaro ya faɗa cikin mazurari. A kusa da wutsiya a sa wani mai siffar garma don ya ture duk dutsen da ya faɗo kan bel mai komowa kafin ganga ta taka shi. Makankarin da aka girka aka manta da shi, bakinsa ya cinye ba a matsa shi ba, da shi da babu duk ɗaya. In bel ya goce kuma, kada a tsaya bugun rola da guduma yau nan gobe can, a nemi abin da ya gotar da shi. Kada a ɗora masa fiye da ƙarfinsa don a burge manaja da yawan tan. Inda ya ratsa fili, a yi masa rufi.

Wanda ke shakkar ƙarfin iska sai ya dubi Yammacin Sahara. Bel ɗin da ke kai dutsen takin fosfat daga Bukra zuwa bakin teku kusa da Layun, tsawonsa ya kusa kilomita 100, kuma farar ƙurar da iska ta daɗe tana kwasa daga kansa ta zana layi cikin hamada wanda ake gani a hotunan tauraron ɗan Adam.

Ba manyan kamfanoni kaɗai abin ya shafa ba. Tun da aka buɗe babbar ma'aikatar gyaran shinkafa ta WACOT a Argungu cikin 2017, ga kuma ƙanana da matsakaita da ke ta ɓullowa a Sakkwato da Kabi da Kano, shinkafar manoman fadama ta shiga hawa bel ita ma. Na taɓa shiga wata ƙaramar ma'aikata, ba sai na ambaci sunanta ba, na tarar da yaro tsugune da tsintsiya ƙarƙashin bel yana gudu, babu shinge, babu igiyar da za a ja inji ya tsaya. Dokar Ma'aikatu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, kuma akwai sufetoci ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da aka ɗora wa duba wannan. Sufeton da ya shiga irin wannan wuri ba ya bukatar na'ura. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin bel, ya kasa kunne ko akwai rolar da ke kuka, sa'an nan ya tambayi mai shara ko yana da kwaɗon kansa da yake kulle makunnin inji da shi, ya sa mabuɗin aljihu, kafin ya shiga da shebur.