Gaɗa a Adjamé da Treichville: abin da yaro ke koya kafin ya shiga aji

A gidajen haya na Adjamé da Treichville, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya, ɗan Bahaushe na tashi ne cikin harsuna barkatai. A kasuwa yana jin Julanci, a titi Nushi, a makaranta kuma Faransanci. Hausa ta rage ta cikin ɗaki. Shi ya sa wasannin waƙa irin su gaɗa suke da muhimmanci a Abidjan fiye da yadda ake zato.

A gaɗa 'yan mata kan yi da'ira suna tafi, ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Kafin yarinya ta iya amshi, sai ta saurara, ta riƙe kalmomin a ka, ta jira lokacinta. Abin da malamin ajin CP1 zai nema daga gare ta ke nan. Tun 2015 doka ta wajabta karatu a Kodebuwa daga shekara 6 zuwa 16, kuma yaron da ya saba sauraro da jiran layi ba ya shan wahalar zaman aji.

Tafin kansa darasi ne. Yana yanka kalma gaɓa-gaɓa, kuma da gaɓoɓi ake fara koyon karatu, ko da Faransanci ne. Waƙa kuma tana gyara kunne. A Hausa, jan wasali ne ke raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo, kuma yaro ya fi saurin kama wannan a waƙa.

Jiki ma yana samun rabonsa. Idan yarinya ta saki jiki ta faɗa baya ƙawayenta suka tare ta, tana koyon daidaita jiki da yarda da mutane. Su kuma suna koyon riƙon amana.

Matsalar ita ce dandali. Shaguna da motoci sun cinye fili, wayar hannu ta cinye lokacin bayan magariba. Amma gaɗa ba ta buƙatar ko dala. Kusurwar tsakar gida ta isa, in akwai kaka ko yaya da ta san waƙoƙin. Malaman Islamiyya ma za su iya ware ɗan lokacin hutu dominta. Waƙar da ba a rera wa yaro ba, ba zai rera wa ɗansa ba.