Tocila: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice, Daga Fadamar Wurno Zuwa Bakin Ruwan Goronyo

Tocila ta girmi Sardauna. A watan Janairun 1899 wani ɗan Ingila mai suna David Misell ya karɓi takardar mallakar fasaharta a Amurka, Sir Ahmadu Bello kuwa sai bayan kimanin shekara goma aka haife shi a Rabah. Kai, ko sojan Turawa bai shiga Sakkwato ba sai 1903. Amma tocilar farko ba ta da juriya: a kunna ta ɗan lokaci, a kashe, a bar batir ya huta, sannan a sake. Conrad Hubert, mai kamfanin da ya karɓi fasahar, wanda daga baya aka sani da Eveready, ya raba wa 'yan sandan birnin Niyok wasu don su gwada. Ashe tun fil azal abin na gida ne, kuma na masu gadi ne.

Ɗauko tocilarka a kashe ka leƙa cikin idonta. Za ka ga ɗan ɗigo rawaya, ba fari ba. Ƙwan zamani da ake kira LED shuɗin haske yake fitarwa, sai aka shafe shi da wani sinadari rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Wasu masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka samo wannan shuɗin ƙwai a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Tsohuwar tocilar ƙarfe mai cin manyan baturan Tiger, wadda iyayenmu ke ajiyewa a gefen katifa, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batirinta zafi yake zama, ragowar ne haske. Shi ya sa ba ta daɗewa take yin ja.

Sai batun lambobi, kuma a nan ake cutar mutane. Ana auna yawan haske da lumen. Kyandir ɗaya kimanin lumen 12 ne, fitilar waya ba ta cika wuce 50 ba, tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60 kuwa kimanin 800. To, idan a kasuwar Achida ko ta Goronyo aka miƙo maka 'yar tocila mai batir ɗaya, kwalinta ya ce lumen 100,000, mayar wa mai kaya da kayansa. Tocilar da za ta ba da wannan haske sai da tulin batura da fanka mai sanyaya ta. Ga mai zagaya gida da garke, lumen 100 zuwa 300 ya wadatar. Mai son hango ƙarshen gona ya nemi 500 zuwa 1,000, ya kuma sani cewa ƙaramar tocila ba ta riƙe wannan ƙarfi: bayan 'yan mintoci kanta ya yi zafi, ita da kanta za ta rage.

Ninka nisa yana da tsada. Tocilar da ke kai mita 100, kafin ta kai 200 sai an ninka ƙarfin haskenta sau huɗu. Nisan da kamfanonin kirki ke rubutawa, bisa ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 2009, shi ne wurin da hasken ya raunana ya koma daidai da na farin wata. Awannin da suke rubutawa kuma ana ƙirga su ne har hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100. Saboda haka in ka ga mita 300, ka sa a ranka cewa inda za ka bambance mutum da kututture bai kai haka ba.

Batirin caji mai lamba 18650 sunansa awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Na gaske ba ya cika wuce mAh 3,500 da 'yan kai, nauyinsa kuma wajen giram 45. Wanda aka rubuta wa 9,900 na bogi ne, kuma an sha fasa irinsa a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki, an cike sauran da yashi ko gari. Ɗora shi a tafin hannu. In ka ji shi sakayau, bar shi. Batirin litiyam kuma ba ya shiri da zafi, ga shi a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40. Kada a bar shi a rana kan kwanon ɗaki ko cikin akwatin babur. Manyan tocilolin roba masu ƙafar caji a gindi, da yawansu batirin dalma ne a ciki, irin na babur amma ƙarami. Abin da ke kashe shi shi ne a bari ya ƙare ƙaf ya kwana biyu ba caji. Mutane kan ce kayan ba su da aminci, alhali rabin laifin na ajiya ne.

Idon ɗan Adam yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma farin haske mai ƙarfi yana rushe wannan sabo cikin daƙiƙoƙi. Jan haske mai rauni ba ya yin wannan ɓarna, shi ya sa matuƙan jirgin ruwa da masu kallon taurari ke amfani da shi. Wannan ne dalilin da nake ganin ƙaramin haske ya fi babba muhimmanci a tocila. Duk wadda ba ta da matakin da za ka duba yaro mai barci ko ka karanta sunan magani ba tare da ka makantar da kanka ba, ba ta cika ba.

Haska garke da dare, idanu za su yi ta ƙyalli: akuya, saniya, kare, kyanwa. Akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske a bayan idonsu. Idon kada ja yake yi, abin da masunta suka daɗe da sani. Mutum ba shi da wannan shimfiɗi. Idan ka ga motsi a gefen garke babu ƙyallin ido, ko dai dabbar ta juya baya, ko kuwa ba dabba ba ce. Ƙyallin ya fi fitowa in tocilar tana kusa da idonka, wannan ne sirrin fitilar goshi ta maharba.

Kunama tana walƙiya. A ƙarƙashin hasken da ake kira UV, irin na 'yar tocilar da 'yan canji ke duba kuɗi da ita, jikinta yana fitowa kore-shuɗi fes a cikin duhu. Gidan da yara ke kwana a tabarma a tsakar gida lokacin bazara, wannan 'yar tocila ba almubazzaranci ba ce. Sai dai kada a haska ta a ido. Maciji ba ya walƙiya haka. Kububuwa da kasa launin ƙasa gare su, da dare suke fita, kuma yawancin sara a ƙafa ne ko a hannu. Mai ban-ruwan albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno da Lugu, wanda ke fita kafin asuba, ya fi buƙatar haske mai faɗi da zai nuna masa taku uku na gabansa a kan mai tsini da ke hango nesa. Da hannu biyu kuma yake aiki, don haka ta goshi ta fi masa.

A lokacin hunturu, ƙura tana mayar da haske cikin idon mai riƙe da tocila, har ya zama ƙarin ƙarfi ƙarin makanta ne. Rage hasken, ka sauke hannu zuwa ƙugu. Da damina kuwa ƙwari sun fi yin dafifi kan farin haske mai shuɗi-shuɗi fiye da mai ɗan rawaya. Masu kamun fara sun mayar da dare kasuwa: sanyi yana kashe mata jiki, sai a bi ta da tocila a tsince cikin buhu.

Ga masu aikin ruwa a madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, akwai wata lamba da ta fi lumen amfani. IPX4 na nufin tocila za ta jure yayyafi da fantsama kawai. IPX7 na nufin za ta yi minti 30 a zurfin mita ɗaya ta fito da rai. In babu ko ɗaya a jikinta, a ɗauka ba ta jure komai.

A Kenya, kusa da gandun dajin Nairobi, wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere ya lura cewa zakuna ba sa kusantar garke in yana zagayawa da tocila. Yana ɗan shekara 11 ya haɗa ƙwayayen tocila da batirin mota da faifan sola, suna kunnuwa bi da bi kamar mutum na yawo. Zakunan suka daina zuwa, makiyaya da yawa suka kwaikwaya.

A Zariya kuwa, a 2008, wata likita Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta ga ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana ƙarasa tiyata da tocila in wuta ta ɗauke. Ita da mijinta Hal Aronson suka ƙera akwatin sola mai fitilu wanda yau ake amfani da shi a dakunan haihuwa na ƙasashe da dama. Duk jakar da aka haɗa wa mai juna biyu a ƙauyukan Rabah ko Wurno, ya kamata tocila mai cikakken caji ta kasance ciki, tare da zani da sabulu.

Batun tsaro ba labarin nesa ba ne a wannan yanki. Mutanen Gandi sun karɓi 'yan gudun hijira bayan harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a 2018, kasuwar Goronyo kuma ta ga irin wannan baƙar rana a watan Oktoban 2021. A dare mai duhu, ido yana iya hango harshen kyandir daga nisan fiye da kilomita 2. To, ina ga tocila? Wanda kake nema zai gan ka tun kafin ka gan shi. Saboda haka 'yan sintiri su nemi mai makunni a gindi, wadda ke kamawa in an danna da babban yatsa, ta mutu da zarar an saki. A haska, a duba, a kashe, a gusa daga wurin. Jami'an FBI na Amurka sun taɓa koyar da riƙe tocila nesa da jiki, hannu a miƙe gefe, domin mai harbi hasken yake nufa. Mafi munin zaɓi ita ce tocilar da sai ka danna sau huɗu, ta bi ta kan walƙiya da kiran agaji, kafin ta mutu. Wannan walƙiyar da 'yan tireda ke tallata ta da ita tana rikita mai riƙe da ita kamar yadda take rikita na gabansa.

Wani zai ce ai wayarsa tana da fitila. Gaskiya ne, kuma Nokia 1100 da ta fito a 2003 da 'yar tocila a ka, an sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Amma hasken waya bazuwa yake yi, ba ya tafiya nesa, kuma cajin da ya ci shi ne wanda za ka buƙata in kiran gaggawa ya taso.

Kafin ka biya, gwada ta nan gaban mai kaya. Girgiza ta tana kunne, ka ga ko hasken zai yi rawa. Danna makunnin sau goma. Kwance gindin ka duba ko akwai zoben roba mai hana ruwa da ƙura. Tambaya ko batirin yana fita, domin wadda aka rufe batirinta a ciki ranar da ya mutu ta mutu ke nan. Ka kuma saka ta a aljihun rigar da kake sawa kullum ka ɗan taka. In ta dame ka, gida za ka riƙa barinta.