Ginin da Ke Rage Zafi: Alƙaluma daga Yama zuwa Anka

Gine-gine ne suka ci kashi 34 cikin 100 na makamashin da duniya ta yi amfani da shi a 2022, idan aka haɗa sarrafa kayan gini da haskaka ɗakuna da sanyaya su ko ɗumama su. Adadin yana cikin rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Maris na 2024. Rahoton ya kuma ɗora wa gine-gine kashi 37 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke fitowa daga makamashi da masana'antu. Wato idan aka kasa makamashin duniya gida uku, gida ɗaya da 'yan kai na gini ne.

Sanyaya ɗaki yana da nasa kaso. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna shan kimanin kashi 20 cikin 100 na lantarkin gine-gine, daidai da kashi 10 cikin 100 na duk lantarkin duniya. Ta yi hasashen cewa yawan na'urorin zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 a 2050. Amma a cikin mutum biliyan 2.8 da ke zaune a yankunan da suka fi zafi, kashi 8 cikin 100 ne kawai suke da na'urar a lokacin.

A Najeriya lissafin yana farawa ne daga waya. Bankin Duniya ya bayyana a 2021 cewa mutum miliyan 85, kashi 43 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ba su samun wuta daga babban layi. Gidan da waya ba ta kai ba, bango da rufi da taga ne ke yanke hukuncin zafinsa.

A jihar Zamfara, ƙidayar 2006 ta samu kimanin mutum dubu 560 a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum: Anka ta ɗan haura dubu 140, Gummi da Bukkuyum kowacce ta haura dubu 200. Jimillar ta kama kashi 17 cikin 100 na mutum miliyan 3.3 da aka ƙirga a Zamfara. A watan Afrilu zafin rana a yankin yana kaiwa wajen digiri 40. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da jihar, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi.

Binciken talauci mai fuskoki da yawa na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Zamfara a kashi 78 cikin 100, yayin da ƙasa baki ɗaya take kashi 63. Tazarar maki 15 ce. A nan ne kuɗin wuta yake shigowa. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta kai farashin wuta ga masu amfani na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Na'urar da ke jan kilowat ɗaya, idan ta yi awa 8 kullum har kwana 30, za ta sha yunit 240, wato naira 54,000 a wannan farashi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Sanyaya ɗaki ɗaya ya lashe kashi 77 cikin 100 na albashin ke nan, kafin a yi maganar hatsi.

Kashi 40 cikin 100 shi ne ragin makamashin da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi ta Najeriya ta sa a gaba. Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ce ta ƙaddamar da ita a 2017, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, domin gidajen zama da ofisoshi. Ragin ya ninka kashi 20 cikin 100 da tsarin EDGE na Bankin Duniya yake nema kafin ya ba gini takardar shaida. Izinin gini yana hannun jihohi, saboda haka ƙa'idar tana aiki ne inda jiha ta shigar da ita cikin dokokinta.

Ma'aunin farko a ƙa'idar na taga ne: kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, idan kuwa ta wuce sai an yi mata inuwa. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 murabba'in mita 12 ne, don haka iyakar tagarsa murabba'in mita 2.4. Soron ƙasa irin na garuruwan Zamfara, mai 'yar taga ɗaya can kusa da rufi, bai ko kusanci wannan iyaka ba. Ginin da ke ƙetare ta shi ne ofishin bulo mai gilashi daga ƙugu zuwa sama.

Na biyu na rufi ne, inda ƙa'idar ta nemi ƙarfin tare zafi da bai gaza 1.25 ba a ma'aunin injiniyoyi. Kwanon rufi shi kaɗai, ba silin ba abin tare zafi, ba ya kai ko'ina kusa da wannan adadi. Rufin azara da ƙasa yana aiki ta wata hanya: kaurinsa yana riƙe zafin tsakar rana, ya sake shi bayan faɗuwarta, lokacin da mutanen gida suka riga suka fitar da tabarmi tsakar gida. Abin da ya sa kwano ya yi galaba shi ne damina. Soro yana bukatar yaɓe da gyaran indararo duk shekara, kwano ba ya bukata.

Sauran biyun na kayan wuta ne: fitilu kada su wuce wat 6 a kowane murabba'in mita a gida, wat 8 a ofis, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta ba da sanyi ninki 2.8 na wutar da ta sha.

A ɓangaren lambobin yabo ga ginin ƙasa, ƙasar Hausa ta samu rabo a 1986. A wannan zagaye ayyuka 6 suka ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine, wadda aka kafa a 1977 kuma ake bayarwa duk shekara uku. Ɗaya daga cikinsu masallacin Juma'a na Yama ne, a jihar Tawa ta Nijar, mai iyaka da Sakkwato. Magini Falke Barmu ya fara shi da ƙasa a 1962, aikin ya kammala a 1982, shekara 20 ke nan. Masallacin ya hau jeri ɗaya da aikin gyaran Masallacin Ƙudus da na tsohon garin Mostar.

Shekara 18 bayan Yama, a 2004, kyautar ta je ga makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso. Francis Kéré ya gina ta da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin domin iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mai dala 100,000, ya zama ɗan Afirka na farko a shekara 43 da kafa ta.

Dandaji, shi ma a jihar Tawa, ya samu lambobi biyu a shekara biyu. Cibiyar Hikma, aikin Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, ta mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, ta gina sabo mai ɗaukar masallata kimanin 1,000 da bulon ƙasa da aka matse da inji. Gidauniyar LafargeHolcim ta ba ta zinare na yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da azurfa ta duniya a 2018. Gidauniyar ta kamfanin siminti ce, masana'antar da cibiyar Chatham House ta ce a 2018 tana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya.

Najeriya ma ta samu rabo a 2023, lokacin da baje kolin zanen gine-gine na Venice ya ba Demas Nwoko zakin zinare saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. An haife shi a 1935, kuma zane-zane ya karanta a Zariya. A cikin gida, dokar 1969 da ta kafa hukumar ARCON ta keɓe sunan mai zanen gini ga wanda ya yi karatun kuma ya yi rajista. Ba ta da gurbin magini irin Falke Barmu. Hanyar karrama irinsa a ƙasar Hausa ita ce sarautar Sarkin Magina, ko laƙabin Babban Gwani da Zazzau ta ba maginin masallacin Juma'arta a ƙarni na 19.

Duk gine-ginen Sahel ɗin nan uku na ƙasa ne, kuma ƙasa ce ke da tarihi na daban a Anka da Bukkuyum. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, a ƙiyasin ƙungiyar likitoci ta MSF. Binciken cibiyar CDC ta Amurka a Dareta ta Anka da Yargalma ta Bukkuyum ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Iyakar dalma a ƙasar wasan yara da Amurka take aiki da ita a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan. An samu gidajen da suka haura 100,000, ninki 250.

Daga 2010 zuwa 2013 an kwashe ƙasa da tarkacen ma'adinai sama da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka 8, har da Bagega, kamar yadda rahoton masu aikin tsabtacewar na 2016 ya nuna. A kusa da wuraren niƙa, gwajin ramin da za a ɗebi ƙasa yana gaba da buga tubali. Ƙa'idar 2017 tana auna taga da rufi da fitila da na'ura. Ba ta auna dalma a cikin ƙasar gini.