Binciken Aibin Manhaja Daga Nesa: Bayani A Kan Tsarin Java

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda mai tsara manhaja yake gano aibin da ke cikin aikinsa, alhali kuwa aikin yana gudana a wata kwamfuta da ke nesa da shi. Masu wannan sana'a suna kiran irin wannan aibi "ƙwaro". Sunan ya daɗe a bakin injiniyoyi, amma ya ƙara shahara a 1947, sa'ad da aka sami wani ƙwaro na gaske maƙale cikin injin lissafi na Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka. Za mu ɗauki misalinmu daga harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, kuma ya koma hannun Oracle a 2010.

2. Inda Wahalar Take

Manyan ayyuka, kamar na banki ko na rajistar ɗalibai, ba a gina su dunƙule guda. Akan rarraba su gaɓa-gaɓa, a ɗora gaɓoɓin a kan wata babbar manhaja da ake kira uwar garke, irin su Tomcat da WildFly da WebLogic. Ita ce ke karɓar buƙatun jama'a, ta miƙa wa kowace gaɓa nata, ta haɗa ta da rumbun bayanai, ta kuma kula da tsaro. Saboda haka gaɓa ba ta da rai sai a cikin uwar garke.

To, sau da yawa gaɓa takan yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, amma da zarar an ɗora ta can sai ta saɓa. Dalili kuwa shi ne muhallin biyu ba ɗaya ba ne: saitin ya bambanta, bayanan sun fi yawa, masu shiga kuma ɗaruruwa ne a lokaci guda. Littafin rajista da uwar garke ke rubutawa yakan taimaka, amma ba ya faɗin sai abin da aka umurce shi tun farko ya faɗa. Gani ya kori ji. Dole a leƙa cikin gaɓar tana tsakiyar aiki.

3. Sassa Uku Na Tsarin

Java ta tanadi tsari na musamman domin wannan, mai suna JPDA, kuma sassansa uku ne. Na farko shi ne JVMTI, wanda ke cikin injin Java kansa, can wajen uwar garke. Shi ne ke iya tsayar da aiki ya karanta abin da ke ciki. Ya maye gurbin wani tsoho a Java 5, a 2004. Na biyu shi ne JDI, wanda ke wajen mai bincike, cikin kayan aiki irin su Eclipse da IntelliJ IDEA. Na uku shi ne JDWP, wato ƙa'idar zance tsakanin biyun. Da yake an raba su haka, ba kome ko tazarar da ke tsakaninsu taku goma ce ko kuwa teku ce.

Kafin a fara, sai an ta da uwar garke da umurnin da zai sa ta buɗe ƙofa mai lamba ta zauna sauraro. A Tomcat lambar da aka saba da ita 8000 ce, a WildFly kuwa 8787. Akwai kuma zaɓi: ko injin ya dakata har mai bincike ya iso, ko ya ci gaba da aikinsa. Na farkon yana da amfani in aibin yana aukuwa tun wajen tashi. Idan mai bincike ya ƙwanƙwasa, kowane ɓangare yakan aika wa ɗayan kalmar gaisuwa mai haruffa 14, sa'an nan zance ya buɗe.

4. Zango Da Taku

Babban makamin mai bincike shi ne abin da za mu kira zango: alama ce da yake sa wa a kan wani layi na rubutun asali, domin aiki in ya iso nan ya tsaya. Daga nan yana iya duba abin da kowace ma'ajiya ta ƙunsa, ya bi jerin kiran da ya kawo aikin wurin, ya riƙa takawa layi-layi.

Ga misali da ya shafi rubutun Hausa. A ce wata gaɓa tana adana sunayen garuruwa, amma Ƙaura yana fitowa da alamar tambaya a madadin harafin farko. Mai bincike sai ya sa zango inda sunan ya shigo, ya ga harafin lafiya yake. Ya taka gaba zuwa inda ake mai da rubutu lambobin ajiya, nan sai ya ga ya lalace. Ashe gaɓar ba ta ambaci tsarin haruffan da take so ba, sai injin ya ɗauki na uwar garke, wato ISO-8859-1, wanda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kwamfutar marubucin kuwa UTF-8 take bi, shi ya sa bai taɓa ganin aibin ba. Sai a Java 18, a 2022, aka mai da UTF-8 tsarin da ake bi in ba a ambaci wani ba.

Sharaɗi guda ya wajaba: rubutun asali da ke gaban mai bincike ya zama shi ne ainihin wanda aka ɗora. Injin lambar layi kawai yake aikowa. In rubutun ya bambanta, zango zai faɗa inda bai kamata ba.

5. Haɗurra

Abu na farko, JDWP ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta kuma ɓoye zancenta. Duk wanda ya isa ƙofar yana iya sa injin ya aikata abin da ya ga dama. Don haka tun daga Java 9, a 2017, in an ba da lambar ƙofa kaɗai, ba ta sauraron kowa sai na cikin kwamfutar. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta kariyayyar hanyar SSH, a kuma rufe ƙofar da an gama.

Na biyu, uwar garke tana tafiyar da zaruruwan aiki da yawa a tare. Zango yana iya tsayar da zare guda ko ya tsayar da duka. In ya tsayar da duka, kowane mai hulɗa da ita ya tsaya. Ko zare guda ne, cinikin da ya buɗe da rumbun bayanai yana da wa'adi, daƙiƙa 30 a WebLogic in ba a sauya ba, kuma in ya wuce sai a soke shi.

Na uku, aibin da ke tasowa daga tseren zaruruwa biyu yakan ɓuya da zarar an tsayar da ɗayansu, domin tsayarwar ta sauya lokacin.

6. Kammalawa

Abin da ya kamata malami ya cusa wa ɗalibansa shi ne a yi wannan bincike a uwar garke ta gwaji wadda ta yi kama da ta aiki ƙwarai, a fara da karanta rajista domin a taƙaita wurin zargi, sa'an nan a sa zango. Uwar garken da jama'a ke dogara da ita kuwa, ba a taɓa ta sai sauran hanyoyi sun ƙare.