Kaurin Rigar Nutso a Ruwa Mai Ɗumi

Rigar nutso da robar neoprene ake yin ta, kuma da milimita ake auna kaurinta. Ruwa ko mai ɗumi ne yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da ɗoriya, shi ya sa wanda ya daɗe a ƙarƙashinsa yakan kama rawar ɗari.

A Bahar Maliya wajen Jidda, inda ruwan kan kai digiri 30 da bazara, mai milimita 2 mai gajeren hannu ta isa. Da sanyi sai mai 3, musamman ga mai shiga zurfi, domin nauyin ruwa na matse robar. Ruwan dam irin na Zobe kusa da Dutsin-Ma kuwa, da hunturu mai 5 ta fi dacewa, sai dai tana taso da mutum sama, dole a ƙara dalma a ɗamara.